Wa Ke Rubutu da Sunan Baba?

Nuuk, 9 ga Fabrairu

Ƙanena Asger,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Baba da lambu. Mu nan sanyi ne da duhu kamar kullum, mata kuma ba su fasa haihuwa ba, shi ya sa ka ji ni shiru kwana biyu. Ungozoma ba ta da hutun kirki.

Ba zan tsaya kewaye-kewaye ba. Me ke damun Baba?

Ka san tun da kunnensa ya yi nauyi ya daina ɗaukar waya, shafinsa na intanet shi ya zama wasiƙarsa gare ni. Duk ranar Lahadi, kafin ma in ɗora kofi, sai na buɗe na ga me Ejvind Brask ya ce a kan tumatir, ko inda aka kwana a yaƙinsa da dodon-koɗi. Jama'a suna karantawa ne don su san lokacin shuka, su kuma sayi iri a shagonku. Ni layin ƙarshe nake nema. Tun ranar da na zo Greenland bai taɓa rufe rubutu ba sai ya ce, "Dagny, ki sa hula." Masu saye sun ɗauka barkwanci ne irin nasa. Ni kuwa na san ma'anarsa yana nan lafiya, kuma ya tuna da ni.

To tun watan Nuwamba babu hula. A wurinta sai wani koren maɓalli, wai "Sayi irinka yau". Da farko na ce fushi yake don ban zo Kirsimeti ba, duk da kai ne ka matsa kada in wahalar da kaina, wai tikiti ya yi tsada kuma Baba ya ce in zauna. Na haɗiye, na ce zai huce.

Sai ga na Lahadin da ta wuce. Ka karanta kuwa? Ga abin da aka rubuta: "Inger ta leƙo ɗakin gilas da kofi da burodi, ta ce in bar hira da tsirrai in zo in yi da ita." Asger, Mama ta shekara shida a ƙasa. Ni na rufe mata ido. Sai da na ajiye wayar na zauna a bakin gado.

Ko dai Baba ya fara ganin abin da babu, ko kuma wani ne yake wasa da mu. Kai kake gida ɗaya da shi, kai za ka gaya mini. Kada ka ba ni amsar nan taka ta layi biyu.

Ka gaishe shi, ka faɗa da ƙarfi ta kunnen dama.

Yayarka,
Dagny

Svendborg, 11 ga Fabrairu

Babbar yaya,

Gaisuwa da fatan ƙanƙara ba ta cinye miki hanci ba. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa.

Ke dai ba ki canza ba. Tun muna yara in aka rasa biskit ɗaya a gwangwani sai kin kafa kotu. Baba yana nan ƙalau. Yanzun nan ma ya tashi da burodi biyu da niƙaƙƙiyar hanta, yana mitar wai na yanka kokwamba da kauri.

Abin da ya faru ba wani abu ba ne. Ciniki ya ja baya bara, manyan kantuna sun cika ko'ina da iri mai araha. Sai na ɗauki wata mai aikin tallar intanet a Odense, sunanta Malou Friis, ta ɗan gyara mana shafin, ta riƙa tura wa masu saye saƙo duk mako. Ita ta sa koren maɓallin. Ba ki ga ya fi kyau ba? Mutane suna latsawa kuwa.

Maganar Mama kuskure ne na na'ura, an riga an cire. Ki yi haƙuri, ni ma ban ji daɗi ba.

Baba ba ya fushi da ke. Lokacin dashe ne ya matso, kin san yadda yake, in ya shiga ɗakin gilas ɗin renon tsirransa sai an jawo shi. Ya ce in gaishe ki. Hula kuma ki riƙa sawa mana, mace mai shekara arba'in da ɗoriya sai an tuna mata?

Zan tafi, mai kawo taki yana ta danna oda a bakin ƙofa.

Naki,
Asger

Nuuk, 15 ga Fabrairu

Asger,

Ina gaisuwa. Na ga takardarka, na kuma ga inda ka bi ka zille.

Kuskuren na'ura? Na'urar ce ta san Mama tana kai wa Baba kofi ɗakin gilas? Kada ka raina mini hankali. Na zauna na bi shafin can ƙasa, shekara bayan shekara, har na samo shi. Rubutun nan Baba ya yi shi tun Mama tana da rai, bazarar da ya fara gwada baƙin tumatir. Kalma da kalma shi ne. An goge kwanan wata, an sa "bana" inda ya ambaci wata shekara, an canza hoto, an yanke hulata. Da na ga haka sai na ɗauko duk na bayan Nuwamba na bi su ɗaya bayan ɗaya. Babu sabo ko guda. Tsofaffin kaya ne aka wanke aka goge aka rataya.

Ke nan wata uku Baba bai rubuta komai ba. Mutumin da ko ranar jana'izar matarsa sai da ya rubuta abu a kan albasa.

Na kira Gudrun ta maƙwabta. Tana jin muryata ta ce, "Ayya, Dagny, yaya kika ji da wannan abu?"

Na ce, "Wane abu?"

Sai ta ce, "Au, ai ni na ɗauka... a'a, ba komai, 'yar nan. Sanyi nake nufi. Bari in duba tukunya, kabejina zai kama."

Gudrun da ke riƙe mutum a waya har batir ya mutu, yau ita ce da tukunya. Ban bar ta ta tafi haka ba. Da na matsa ta ce keken Baba yana jingine a bango tun kafin Kirsimeti, har ganye ya taru a kwandonsa. Ta ce kuma makon jiya wata mata ta zo da farar mota da abin awo, ta auna ƙofofi, ta auna matakala, ta shiga har banɗaki tana rubutawa, kai kana biye da ita.

Masu auna gida na san su, Asger. Ban manta ba ka taɓa cewa filin nan da gidajen hutu aka gina a kai da tuni mun huta. A gaban Baba ka faɗa, ya ajiye cokali ya fita. Sayarwa za ka yi? Shi ya sa kake ta kumbura shafin da sunansa, don mai saye ya ga kasuwa tana motsi? Shi kuma Baba ina ka ajiye shi?

Na tuna kiran bidiyon da muka yi ranar Kirsimeti. Ka nuna mini shi daga nesa, ya ɗaga hannu, ka ce ya gaji, ka juya wayar wajen agwagwar da ka gasa. A lokacin dariya na yi. Yanzu abin ba ya ba ni dariya.

Abu ɗaya nake so. Ka ba shi takarda da biro ya rubuta mini layi ɗaya da hannunsa, ka ɗauki hoto ka turo. Ko zagina ne ya rubuta, ina so.

Ina jira.

Dagny

Nuuk, 21 ga Fabrairu

Zuwa ga Malou Friis,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya. Ba ki san ni ba. Ni ce Dagny Brask, 'yar Ejvind Brask, mai lambun iri na wajen Svendborg wanda kike kula da shafinsa. Na samo adireshinki a ƙasan saƙon tallar da kike turo wa mutane da sunan mahaifina.

Na rubuta wa ƙanena Asger tun makon jiya bai amsa ba, wayata ma ba ya ɗauka. Don haka ke zan tambaya, kuma ina roƙon ki amsa mini kai tsaye.

Wa ya ba ki izinin ɗaukar tsofaffin rubuce-rubucen mahaifina ki fito da su kamar yau ya yi su? Shi da kansa ne, ko Asger? Kin taɓa magana da shi? Kin taɓa ganinsa ido da ido? Wa ya ce ki yanke layin da yake rufe rubutunsa da shi? Kuma kin san cewa Inger da kika tashe ta ta kawo kofi mahaifiyata ce, ta rasu?

Ba faɗa nake nema da ke ba. Amma ki sani ina nesa, jirgi biyu ke tsakanina da gida, kuma duk wanda na tambaya lafiyar mahaifina sai ya tuna yana da tukunya a wuta.

Na gode.

Dagny Brask

Odense, 22 ga Fabrairu

Zuwa ga Dagny Brask,

Ina gaisuwa, kuma na gode da kika rubuto. A ƙa'ida ba na tattauna aikin wanda ya ɗauke ni da wani. Na kwana ina juya abin, na ga wannan karon zan karya ƙa'idar.

Da farko ki gafarce ni a kan mahaifiyarki. Ban sani ba. Babu wanda ya gaya mini, kuma a rubutun tana nan da ranta, tana tsokanarsa. Sai da wani tsohon mai saye ya amso saƙon yana tambaya ko Ejvind ya sake aure ne da wata Inger ɗin, sannan na gane abin da na yi. Na ji kunya ƙwarai.

Bari in bayyana miki aikina, don kada ki ɗauka wani ɓoyayyen abu ne. Yawancin ƙananan 'yan kasuwa suna da tarin tsofaffin rubutu a shafinsu da ba mai buɗewa. Ni nakan ɗauko guda, in fitar da saƙon mako daga ciki, in yayyanka ragowar ƙanana-ƙanana don dandalin zumunta, in ɗora jimla mai daɗi a kan hoto. Rubutu ɗaya na mahaifinki yakan ishe ni mako guda, don ya iya magana. Kwanan wata kuma kullum cire shi muke yi. Mutum in ya ga abu ya shekara tara ba ya karantawa, ko da gaskiya ce zalla. Layin ƙarshe shi ne wurin da muke kiran mai karatu ya saya, duk mai wannan sana'a haka yake yi. Ban da waɗannan, ban ƙirƙiri kalma ɗaya na sa a bakinsa ba.

Amma maganar hula, na tambaya. Na ga tana ko'ina, ta kuma burge ni, na ce wa Asger, "Wannan mu bar ta mana, ai kamar tambarinsa ce." Sai ya ce, "Cire ta. Duka." Ban san ke 'yarsa ba ce, na ɗauka sunan wata jika ne ko kyanwa.

Tambayarki ta ko na taɓa magana da mahaifinki: a'a. Asger ne ya ɗauke ni, ya ce tsohon ya gaji da rubutu amma ya yarda. Tambayoyin da masu saye ke turowa da sunan Ejvind, Asger ke amsa su. Na sha roƙonsa ya bar ni in ɗauki ɗan gajeren bidiyo, ko hannunsa kawai yana zuba iri a ƙasa, don bidiyo ke tafiya yanzu. Yau ya ce mura yake, gobe ya ce ba ya son kyamara.

Sau ɗaya na je lambun, a watan Janairu, ban sanar ba. Asger ya tare ni tun a wajen mota, ya wuce da ni shago, bai ko ce in shiga gida in sha kofi ba. Da zan fito na hangi wani tsoho a ɗakin gilas, yana zaune a tsakanin tukwanen shuka da babu komai a ciki, da kayan barci a ƙarƙashin kwat. Ya ƙwanƙwasa gilashin yana yi mini alama in zo. Na ce, "Ba shi ne Ejvind ba?" Asger ya ce, "Maƙwabci ne, yakan shigo ya ji ɗumi." Dagny, na yi wata uku ina gyara hotunan fuskar nan. Shi ne. Na kuma lura ƙofar lambun da ke fita titi an sa mata sabuwar sakata, ta waje, can sama.

Ban san me wannan ke nufi ba, kuma ba na so in ɗora wa kowa laifi. Asger bai taɓa yi mini rashin mutunci ba, sai dai kullum kamar wanda bai yi barci ba. Maganar sayar da fili ban taɓa jin ta ba. Na dakatar da saƙon Lahadi mai zuwa har sai na ji daga ɗayanku.

Da girmamawa,
Malou Friis

Nuuk, 23 ga Fabrairu

Asger,

Ba ni da doguwar gaisuwa yau.

Na yi magana da Malou ɗinka. Maƙwabci ko? Ubanmu ne ya zama maƙwabci mai shigowa jin ɗumi? Ka kulle shi ta waje kamar akuya, kana sayar da iri da muryarsa, ka kuma sa an goge sunana don kada ya rage ko alama. Ni da na goya ka a bayan keke zuwa makaranta.

Na samu wadda za ta riƙe mini aiki. Na sayi tikiti, ranar Alhamis zan sauka Copenhagen in hau jirgin ƙasa. Kada ka zo tarbata. In na iso ban same shi a gidansa ba, ko na ga allon sayarwa a bakin titi, daga nan ofishin 'yan sanda zan wuce, kuma ba zan ji kunyar kowa ba.

In kana da abin faɗa, ka faɗa kafin in hau jirgi.

Dagny

Svendborg, 24 ga Fabrairu

Dagny,

Ina gaishe ki. Ki zauna kafin ki karanta.

Kin ce in ba shi takarda da biro. Na ba shi, tun ranar da takardarki ta zo. Ya riƙe biron ya juya shi, ya duba bakinsa, sannan ya soka shi a tukunyar ƙasa ya yi rami, ya miƙo hannu in ba shi iri. Hoton wannan kike so in turo? Shi ya sa na yi shiru.

Baba yana mantuwa. Ba irin ta makulli da tabarau ba. Abin ya fara a hankali tun bayan zuwanki na ƙarshe. Sai ya tsaya a tsakiyar magana yana neman sunan albasa. Rubutun bara duka tare muka yi, yana faɗa ina bugawa, in ya ɓata in nemo masa hanya. A watan Nuwamba jini ya ɗan toshe masa a ƙwaƙwalwa, ya kwana uku a asibiti. Ya fito da ƙafafunsa, amma da yawa daga cikinsa bai dawo ba.

Kina tambaya wa ya ba da izini. Shi ne. Ranar da likita ya fara gaya mana sunan ciwon, a mota muna dawowa, ya ce in tsaya a gefen hanya. Ya ce, "Yaro, akwai rubutu a shafin nan da zai ishe ku shekara goma. Dankali bai canza hali ba. In na kasa, ku juya su kamar taki, ku sake bazawa. Mutane ba iri suke saye ba, surutuna suke saye."

Na ce, "To, Baba. Dagny fa?"

Ya ce, "Dagny kada ta ji."

Na ce, "Kashe ni za ta yi."

Ya ce, "Ta kashe ka ɗin. Ta ajiye aikinta shekara guda saboda Inger, ta dawo kamar tsinke. Ba za ta sake ajiye shi don ta zo tana goge mini baki ba. Ka ba ni hannu." Na ba shi. Kin san Baba in ya riƙe hannun mutum.

Matar da ta auna ƙofofi daga ƙaramar hukuma take, ƙarfen dafawa za su sa masa a banɗaki da matakala. Sakata kuma na sa ta ne bayan ranar da aka tsinto shi a tashar jirgin ruwa da silifas, cikin ruwan sama, wai ya je tarbar Mama. In ina shago da masu saye ba ni da ido biyu a ƙeya. Na ce wa Malou maƙwabci ne don na san tana ganinsa za ta ciro waya, kuma ba zan bari duniya ta ga Ejvind Brask da wandon barci ba. Fili kuwa, e, na taɓa faɗin wannan maganar banza ina da ƙuruciya. Yanzu ɗakin gilas ɗin nan ne kaɗai wurin da ba ya ɓata a duniya. Wa zan sayar wa?

Saura hula. Da na so in yaudare ki har ƙarshe, ai barin ta zan yi, ki yi ta karantawa duk Lahadi kina murmushi. Malou ma ta ce a bari. Na iya sayar da tumatir da sunansa, don shi ya ce in yi. Amma in ce miki ki sa hula da bakinsa alhali bai faɗa ba, wannan na kasa. Wataƙila ma so nake ki lura. Kin ɗauki wata uku, mai kotu.

Yanzu bari in faɗi nawa. Na ji zafin takardarki, har yanzu ina ji. Akuya kika ce. Ni nake yi masa wanka. Ni nake aske masa gemu yana kiran sunan ƙaninsa da ya mutu tun ba a haife mu ba. Ni nake tashi in na ji motsin ƙofa. Ke kina can kina jiran Lahadi da kofi a hannu, ni ina nan da sauran kwanakin. Ban ce laifinki ba ne, ni na rufe ki. Amma na gaji, Dagny, na gaji har ƙashina, kuma da na ga kin sayi tikiti kuka na yi don daɗi, duk da 'yan sandan da za ki kawo mini.

Ban san me za ki tarar ba. Wata rana yakan san ni sarai, har ya yi mini faɗa a kan ban-ruwa. Wata rana kuma ya gaishe ni da ladabi ya tambaye ni ko mai gidan yana nan. Hotonki yana kan firij, wani lokaci yakan tsaya a gabansa. Ba na tambayarsa wace ce, don ina tsoron amsar.

Zan zo tasha, ko kin so ko kin ƙi. Gudrun za ta zauna da shi.

Ƙanenki,
Asger

Svendborg, 3 ga Maris

Malou,

Gaisuwa da godiya. Na iso gida, mahaifina yana nan, ba wanda ya cuce shi. Ba shi da lafiya ne, Asger zai yi miki bayani da kansa in kin zo. Ki zo ɗin, wannan karon za a ba ki kofi.

Mun yi shawara da Asger. Ki ci gaba da aikinki. Sai dai ki mai da kwanan wata a kan kowane rubutu, ki kuma sa a sama cewa tsofaffin rubuce-rubucen Ejvind Brask ne, shi ya daina rubutu. In masu karatu sun ragu, su ragu.

Akwai gyara ɗaya a rubutun shuka dankalin da kika shirya fitarwa. Jiya na zauna da shi a ɗakin gilas na karanta masa, da ƙarfi, ta kunnen dama. Ya saurara har ƙarshe bai motsa ba. Da na gama ya dube ni sosai ya ce, "Ke 'yar wane ce?"

Na ce, "'Yar mutumin da ya rubuta wannan."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ya san ƙasa, babanki. Amma ramin nan nasa ya yi zurfi, dankalin shukar farko ba ya son haka. Tafin hannu ɗaya ya isa. Ki gaya masa." Har na tashi ya riƙo hannun rigata ya ce, "A hankali za ki faɗa masa, kin ji? Tsofaffi ba sa son gyara."

Na ce to, zan faɗa masa a hankali.

Ki mai da shi tafin hannu ɗaya.

Taki,
Dagny